Koyon dogara sanda ta wayar salula: abin da ya kamata ku sani

A ƙasar Dakoro sanda ba baƙuwa ba ce. Makiyayi yana saɓe da tasa a kafaɗa, tsoho yana da kwagirinsa, mai zuwa gona ma ba ya rasa wadda zai kaɗe maciji da ita. Wannan sabo ne ya sa idan mutum ya karye, ko ɓarin jikinsa ya shanye, aka miƙa masa sandar dogarawa, babu mai tunanin akwai wani abin koyo a cikinta. A ba shi, a ce Allah ya ƙara sauƙi, kowa ya kama gabansa. Alhali sandar da za ta ɗauki nauyin ɗan Adam tana da awonta, tana da hannun da ake riƙe ta da shi, tana da tsarin takunta. Wanda ya kuskure waɗannan yakan ƙara wa kansa ciwo a kan ciwo: kafaɗa ta riƙe, baya ya karkace, hannu ya mutu, ko kuma ya faɗi ya sake karya ƙashin da ya fara ɗinkewa.

Faɗuwa kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ke rasa ransu duk shekara sanadin faɗuwa, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. A cikin haɗurran da ke kisa ba da gangan ba, haɗarin hanya ne kaɗai ya fi ta.

Masu buƙatar sanda a nan mun san su. Akwai matashin da kabu-kabu ya kayar, akwai wanda ya faɗo daga amalanke ko daga bayan raƙumi, akwai wanda shan inna ya taɓa tun yana yaro. Akwai dattijuwar da gwiwa ta gaji, da magidancin da hawan jini ya shanye wa ɓari guda, da mai ciwon suga da aka yanke wa ƙafa. Asibitin gundumar Dakoro yana yin abin da zai iya, amma idan karaya ta yi tsanani sai an dangana da Maradi, tafiyar da ta haura kilomita 100 ta hanyar Kornaka. Wasu sukan wuce Galmi, masu fama da kuturta su nufi Danja, yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe kuma har Yamai ake kai su, asibitin CURE da aka buɗe a 2010. Duk inda aka je, ƙarshenta gida za a dawo. Mutum ya koma ƙauyensu a wajen Birnin Lalle ko can arewa ta gefen Bermo, likitan gashin ƙashin da ya gwada masa tafiya na 'yan mintoci ya yi nisa, kuma babu mai sake duba takunsa sai bayan wata ɗaya ko biyu, idan ma an samu kuɗin mota. A cikin waɗannan makonni ne ake koyon tafiya mai kyau ko mummuna, kuma a nan ne waya take da rawar takawa.

Manhajojin da aka ƙera domin wannan aiki suna nan. A Kanada, masu bincike a Jami'ar Kalgari sun yi wata mai suna ICanWALK. Tana nuna bidiyon yadda ake auna sanda, yadda ake tafiya da ita, yadda ake zama da tashi da hawa matakala. Daga nan mai koyo ya sa a ɗauke shi bidiyo yana gwadawa, ya zauna ya duba kansa a kan jerin abubuwan da ya kamata a gani. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe wani dandalin koyarwa na kyauta a intanet a 2022, mai suna TAP, wanda a cikin darussansa akwai na kayan taimakon tafiya. Shi domin ma'aikatan lafiya na matakin farko aka yi shi, irin waɗanda ke riƙe da ƙananan asibitocinmu na karkara, kuma ana iya buɗe shi a waya. Dalilin yin sa a fili yake: rahoton da hukumar ta fitar tare da UNICEF a 2022 ya ce mutum biliyan 2.5 a duniya suna buƙatar wani kayan taimako, kamar tabarau ko keken guragu ko sanda, kuma kusan biliyan 1 ba su samu ba. Ƙwararru ba za su taɓa wadatar da wannan jama'a ba, dole a koya wa na kusa. Bayan waɗannan akwai bidiyoyi barkatai a YouTube da Facebook da TikTok, wasu daga ƙwararru, wasu daga waɗanda ba su fi mai kallon sani ba.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Galibin waɗannan da Turanci ko Faransanci suke, ga cin data, ga rezon Airtel ko Moov ko Zamani da ke ɗaukewa da zarar an yi nisa da gari. Ga shi kuma a gida mai daɓen siminti aka ɗauke su, mai kujera doguwa da matakala mai abin riƙewa. A ganina, abin da ya fi dacewa mu ɗauka daga manhajar Kanada dabararta ce: ka ga mai yi daidai, ka gwada, ka ga kanka. Wannan kuwa kowace Tecno ko Itel mai kyamara za ta yi shi ba tare da an sauko da komai ba. Waya a nan madubi ce, domin mai tafiya da sanda ba ya ganin yadda ya karkace, kuma ko an gaya masa ba ya yarda sai ya gani. Gani ya kori ji.

To, kafin mutum ya amince da kowane bidiyo, ya kamata ya san abin da bidiyon kirki zai nuna.

Sanda guda ana riƙe ta ne a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya. Idan ƙafar hagu ce ke ciwo, sanda a dama. Wannan shi ne abin da mutane suka fi yin gardama a kai, domin hankali yana ba mutum cewa ya ajiye sanda kusa da ciwo. Amma ku lura da mai tafiya lafiya: idan ya jefa ƙafar hagu, hannun dama ne ke yin gaba. Sandar da ke ɗaya ɓangaren tana bin wannan tsari, tana faɗaɗa wurin tsayuwa, tana kuma rage wa ƙugun da ke ciwo aiki. Wanda ya riƙe ta a ɓangaren ciwo yakan kwanta a kanta yana ɗingishi, bayan 'yan watanni ya fara kukan baya. Takun kuwa shi ne: sanda da ƙafa mai ciwo su yi gaba tare, sannan mai lafiya ta biyo. Tsawon sandar ana gane shi idan mutum ya miƙe sanye da takalmin da ya saba fita da shi, ya saki hannuwa: mariƙin sandar ya zo daidai wuyan hannu, inda ake ɗaura agogo. Idan ya riƙe, gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Ta yi tsawo, kafaɗa ta ɗage. Ta yi gajarta, mutum ya duƙa. A kuma sani sanda guda ba ta ɗauke abin da ya wuce kusan rubu'in nauyin jiki. Wanda aka hana shi taka ƙafa sam, sanda guda ba tasa ba ce, biyu yake buƙata.

Sandunan hammata su ne aka fi cutuwa da su, kuma cutar daga wuri guda take fitowa: rataya hammata a kansu. Ba a yi su domin haka ba. Tsakanin hammata da kan sandar ya kamata a samu tazarar yatsu biyu zuwa uku, wajen santimita 5. Kan sandar yana jingine ne a haƙarƙari, dantse ya matse shi, nauyi kuwa a tafin hannu yake, kan mariƙin da ke tsakiya, wanda shi ma daidai wuyan hannu ake sa shi. Dalili shi ne jijiyoyin da ke motsa hannu ta hammata suke bi. Idan aka yi ta danne su kullum, yatsu su fara mutuwa, wuyan hannu ya saki, mutum ya kasa ɗaga shi. Sau da yawa idan haka ta faru sai a ce iska ce ko jifa, a shiga neman magani a wani wuri, alhali sandar ce ta yi tsawo ko mai ita yake kwanciya a kanta idan ya gaji. Yawanci idan an gano da wuri aka daina dannewar, hannun yakan dawo a hankali. Masu amfani da gajerun sanduna na ƙarfe masu zobe a hannu sun tsira daga wannan, su abin lura shi ne zoben ya tsaya yatsu biyu ko uku ƙasa da gwiwar hannu.

A tsaye, ƙasan sandunan ya kasance gaba kaɗan da kuma gefe kaɗan daga ƙafa, kimanin santimita 15. Idan za a taka, sanduna biyu su yi gaba, ba nisa ba, ƙafa mai ciwo ta bi su a ɗage ko a ɗan taɓe, mutum ya danna hannuwa ya kawo mai lafiya. Ido a gaba, ba a kan ƙafa ba. A dokin ƙofa ko matakalar masallaci, wajen hawa ƙafa mai lafiya ce ke fara hawa, sanduna da mai ciwo su biyo. Wajen sauka sanduna ke fara sauka, sai mai ciwo, mai lafiya a ƙarshe. Wajen zama, mutum ya ja da baya har ya ji kujera ta taɓa bayan ƙafarsa, ya haɗa sandunan a hannun da ke ɓangaren ciwo, ya dafa kujera da ɗaya hannun, ya sauka sannu. Duk bidiyon da ya saɓa wa waɗannan, musamman wanda kuka ga mai nunawa ya rataye a hammata, ku goge shi.

Akwai tambaya guda da babu manhajar da za ta amsa: nauyi nawa aka yarda a ɗora wa ƙafar? Wani an hana shi taka ta ko kaɗan, wani an ce ya taɓa ƙasa da yatsu kawai, wani rabin nauyi, wani kuma iya abin da zai jure. Wannan ya danganta da ƙashin da ya karye, da irin aikin da aka yi, da abin da hoton ƙashi ya nuna. Likitan da ya duba shi ne mai faɗa, kuma umarnin yana canzawa daga mako zuwa mako. Bidiyon da ya yi wa maƙwabcinka daidai yana iya karya ka. Saboda haka kada a bar asibiti sai an ji wannan amsa ƙarara, tare da ranar da za a koma.

Ranar sallama ita ce ranar da waya ta fi amfani. Mai jinya ya nemi izinin ma'aikacin lafiya, ya ɗauki bidiyo lokacin da ake auna sandar, lokacin da ake nuna taku, da lokacin da majinyacin ke gwadawa ana gyara masa. Ya roƙi a faɗi umarnin da Hausa a cikin bidiyon, ko da Fillanci ko Buzanci idan shi mai ciwon ya fi ji. Mintoci uku sun isa. Wannan ya fi duk wanda za a samo a intanet, domin a kan wannan majinyacin aka yi shi, da sandarsa da karayarsa. Ba ya buƙatar rezo, ana iya ajiye shi a katin memori, a tura wa wani ɗan gida ta Bluetooth ko Xender don kada ya ɓace idan waya ta lalace. Bayan an koma gida, duk bayan 'yan kwanaki a ɗauki majinyacin yana tafiya, sau ɗaya daga gaba, sau ɗaya daga gefe, a tabbatar ana ganin sa daga kai har ƙafa. A zauna a gwada da na asibiti. Kafaɗa ta ɗage? Hammata ta sauka kan sanda? Yana jefa sandunan nesa har yana lilo? Idan ma'aikacin ya yarda ya ba da lamba, a tura masa ta WhatsApp ranar da aka shigo gari. Amma wani ne zai riƙe wayar. Mai tafiya da sanduna biyu ba shi da hannun riƙe waya, kuma wanda ya maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa yana taku, faɗuwa yake nema. A farkon koyo kuma wani mai ƙarfi ya tsaya a bayansa, ɗan gefe ta ɓangaren ciwo.

Ga wata magana da ta shafi mutunci: bidiyon majinyaci, musamman mace ko dattijo, sirrinsa ne. Ba na zuba wa zauren WhatsApp na dangi ba ne, balle na gari. Haka nan duk manhajar da ta fara neman kuɗi, ko ta ɓige da tallar maganin haɗa ƙashi, a bar ta.

Yanzu sai abin da bidiyon ƙasashen waje ba zai nuna ba, wato ƙasar da muke takawa. Rairayi yana haɗiye ƙasan sanda. Sandar da aka auna daidai a dandamalin asibiti, da ta nutse a yashi ta zama gajera, kuma ba lallai biyun su nutse daidai ba. Maganin shi ne gajeren taku, da danna sanda a ji ta zauna kafin a ɗora mata nauyi, da bin inda ƙafa ta riga ta daddale. Ƙasan sanda mai faɗi ya fi siriri a irin wannan wuri. Da damina kuma taɓo ke riƙe ta ko ya zame da ita. Wuri mafi haɗari a cikin gida shi ne wurin alwala da makewayi, inda siminti ke jiƙe. Robar da ke ƙasan sanda ita ce ke hana zamewa, ita ce kuma ke fara cinyewa. A riƙa juya sandar ana dubawa: idan robar ta yi sumul, ko ƙarfe ya leƙo, a canza. Inda babu ta saye, mai gyaran taya yana iya yanko tsohuwar taya ya ɗaure ta gam, ya fi a bar ƙarfe ko itace tsirara.

Rayuwarmu kuma a ƙasa take. A tabarma ake ci, a nan ake hira, a nan ake salla, masai ma na tsuguno ne. Sauka ƙasa da tashi daga ƙasa shi ne abu mafi wuya ga mai ƙafa ɗaya, kuma kuskuren da ake yi shi ne a kama sanda a ce za a hau ta a miƙe. Sandar za ta kuɓuce. Hanya mafi aminci ita ce mutum ya ja jiki zuwa gindin gado ko dakali mai ƙarfi, ya juya masa baya, ya dafa da hannu biyu, ya tura da ƙafa mai lafiya har ya zauna a kai, sannan a miƙo masa sanduna ya tashi. Mafi kyau ma a sama masa kujera mai tsawo a makonnin farko. Salla a zaune ga mai larura abu ne da malamai ba su yi saɓani a kai ba, don haka babu dalilin tilasta wa kai. Masai kuwa, kafinta ya huda tsakiyar kujerar katako a ɗora ta kan ramin, a kafa itace mai ƙwari a gefe na riƙewa. Gidaje da yawa suna jin nauyin wannan zance, shi ya sa majinyaci kan rage ci da sha don gudun fita, wanda kuma ba ya taimakon warkewa.

Ƙananan abubuwa ma suna kayar da mutum. Babbar riga da zane mai jan ƙasa suna harɗe sanda. Silifas yana fita a tsakiyar taku, gara takalmi mai riƙe dunduniya, wanda zai kuma kare ƙafar da ta rage daga ƙarangiya da ƙaya. Buta da kwano a bar wa wani ya ɗauka, ko a rataya jaka a wuya. Da dare fitilar goshi ta fi tocilan, tun da hannuwa ba su da sarari. Igiyar ɗaure akuya, turmi, tabarmar da bakinta ya naɗe, duk a kawar da su daga hanyar ɗaki zuwa makewayi. Idan tafiya ta kama a kan babur, sanduna a tsaye ko a tsawon babur ake riƙe su, ba a gicciye ba.

Sandar katako ta kafintan gari ba abin rainawa ba ce, sau da yawa ita ce ake samu. Sharaɗi dai a yi ta a kan awon mai ita, ba a ari ta wani a ce a lallaɓa ba. A sa kafinta ya huda ramuka da dama inda mariƙi yake domin a iya ɗagawa ko saukarwa, a naɗe kai da mariƙin da soso ko tsumma mai laushi, a riƙa ɗaure kusoshi. Yaro kuwa yana tsawo sandarsa ba ta yi, sai a riƙa sake auna shi. Masu ciwon suga da waɗanda kuturta ta kashe wa jin zafi su duba tafin hannu da tafin ƙafa kowane dare, domin kanta ko ƙuje na iya zama gyambo ba su ji ba.

Akwai alamomin da idan sun bayyana ba a tsaya kallon bidiyo ko jiran amsar saƙo. Yatsun ƙafar da aka ɗaure su yi sanyi, ko su yi duhu, ko su daina jin taɓi. Ciwo ya riƙa ƙaruwa a cikin filasta ko karan ɗori maimakon raguwa. Wari ko ruwa ya fito. Sha-raɓa ta kumbura ta yi zafi, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya. Mutane da yawa a karkara wurin maɗori suke fara zuwa, kuma ba aikin wannan rubutu ba ne raba su da shi. Amma ɗaurin da ya matse har jini ya daina gudana yana kashe ƙafa cikin sa'o'i, kuma ta nan ne karayar da za ta warke take komawa yankewa. Wanda ya ga waɗannan alamu ya nufi asibiti mafi kusa a ranar, ko dare ne.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sanda da sandunan hammata da na gwiwar hannu cikin jerin kayan taimako 50 da ta ce kowace ƙasa ta fifita samar da su, Nijar kuma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008. Samar da sandar rabin aiki ne, koyar da riƙonta shi ne ɗaya rabin, kuma wannan ba sai an jira wata ƙungiya daga waje ba. Ma'aikacin lafiya guda a Dakoro, da ɗan ƙungiyar naƙasassu da ya shekara goma yana taka yashin garin da sanduna, da matashi mai waya, sun isa su ɗauki gajerun bidiyoyi da Hausa da Fillanci da Buzanci, a tsakar gida irin namu, da tabarma da dokin ƙofa da makewayi, a bar su a ƙananan asibitoci da wuraren cajin waya kowa ya kwafa. Kafin a samu haka, idan akwai mai dogara sanda a gidanku, ku sa shi ya miƙe yau ku duba abu biyu: mariƙin ya zo daidai wuyan hannunsa, kuma yatsu biyu suna shiga tsakanin hammatarsa da kan sandar. Idan ba haka ba, ku kai sandar a gyara.